Gayyar da Aka Yanka wa Rasit

A ƙasar Bagwai mu Kiristoci Hausawa ba mu da yawa. Majami'un da muke sujada a cikinsu, nan da ƙauyukan maƙwabta, wata gida goma ke riƙe da ita, wata ma ba ta kai haka ba. Baikon Lahadi bai isa ciyar da fasto ba, balle sayen kwanon rufi. Idan iska ta yaye rufin, matasan ƙauyuka uku ke zuwa da guduma. Idan aka yi rasuwa, Zumuntar Mata ce ke fara isowa da tukwane da itace.

ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, ta sa wa wannan zumunci tsari. Majami'u na kusa suna haɗuwa a majalisar LCC, sama da ita akwai DCC, sai hedikwata a Jos. Daga sama ake turo fasto, daga sama ake ɗauke shi, wani kaso na baiko kuma yana hawa can. Dattawanmu kan yi gunaguni, wai gayya ce aka yanka wa rasit.

Akwai masu wata hanya. A 1648 ikilisiyoyin da suka taru a Cambridge ta Massachusetts, a Amurka ta yau, sun rubuta cewa kowace ikilisiya ita ke zaɓen fastonta. Maƙwabta nasu shawara ne da tsawatarwa, in abin ya faskara su janye zumunci. 'Yan Baptis na ƙasar nan ma kusan haka suke.

Abin kan ba mu sha'awa, musamman ranar da aka ɗauke mana faston da ya san gonar kowa. To amma mun san kanmu. Da kowa zai ɗauki nasa, ƙauyen da ke noman rani da ruwan dam ɗin Watari shi zai samu wanda ya yi karatu a Tofa, na kan tudu mai jiran gero ya tashi a tutar babu. Rikicin iyakar gona kuwa, wa zai raba shi a majami'ar da dattawanta duk 'yan uwan masu rikicin ne? Sai an kira na waje.

Don haka ba mu neman a rushe majalisa. A zaman bayan kaka abu biyu za mu kai: a riƙa jin ta bakinmu kafin a ɗauke fasto, a kuma karanta lissafin kuɗi da Hausa a gaban kowa, har da matan da suka auno dawar.