Ba a ga komi ba

A gidajenmu akwai magana guda da ta fi sunan kowace cuta tada hankali: likita ya duba takardu ya ce, "Ba mu ga komi ba." In ya ambaci sunan ciwo, ko mai tsanani ne, an san abin da za a yi wa addu'a, an san abin da za a sayo a farmasi. Amma in yaro na kwance ba ya iya miƙewa, kuma aka ce ba a ga komi ba, sai gida ya rabu biyu: masu cewa iska ce, da masu cewa ƙarya yake. Ƙanwata ta yi wata huɗu a tsakaninsu, babu ɓangaren da ya faɗi daidai.

Shekararta 12, tana ajin farko na kwaleji a Maraɗi, ta yi masassara ta kwana biyar. Masassara ta tafi, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. In ta tashi sai gwiwa ta lanƙwashe, ta riƙa jan ƙafar a bayanta kamar buhu. Kaka ta ce shan inna ne. Aka yi radiyo, aka ɗebi jini, aka yi gwajin emasi, duk lafiya lau. Aka koma ruƙiya da rubutu da hayaƙi. Ban raina wannan ba, ita kanta ta ce karatun yana kwantar mata da hankali, sai dai ƙafa tana nan yadda take.

Abin da ya fi ciwon zafi ya faru wata rana da garwashi ya faɗo kusa da ita, ta janye ƙafar da sauri. Wata maƙwabciya ta tafa hannu ta ce, "Ai ga ta nan tana motsi! Inna, lakwal ne ba ta so." Daga ranar ƙanwata ta rage magana, ko abinci sai an matsa mata.

Baba ya sayar da raguna biyu muka hau bas zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, wajen likitan jijiya. Ya kwantar da ita, ya sa tafinsa ƙarƙashin dugadugin hagu ya ce ta danna. Ba ta iya ba. Sai ya ce ta ɗaga ƙafar dama da ƙarfi, yana tare ta da ɗayan hannun. Nan take dugadugin hagu ya danne masa tafi. Ya kamo hannuna ya sa a wurin don in ji da kaina, ya kuma nuna wa ita ƙanwar tawa. Ya ce mata, "Ƴata, ba ƙarya kike ba. Ƙarfin yana nan. In kin neme shi da gangan ne yake ɓuya."

Sunan ciwon a taƙaice na Faransanci TNF, da Hausa sai mu ce tangarɗar aikin jijiya. Ƙwaƙwalwa lafiya, laka lafiya, tsoka lafiya, saƙon da ke tsakaninsu ne ke rikicewa. Likitan ya ce kamar salula ce da ba ta fashe ba, batir cike, amma rezo ya ɗauke. Shi ya sa hoto ba ya nuna komi. Ciwon tsoho ne: tun ƙarni na 19 Jan-Martan Sharko ya yi nazarinsa a asibitin Salfetiriyer na Paris, lokacin ana kiransa isteri. Gwajin dugadugin nan kuwa wani likitan Amurka mai suna Huba ya bayyana shi a 1908. An daɗe ana cewa dole sai wani tashin hankali ya same ka kafin ciwon ya zo, amma a 2013 littafin DSM-5, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, ya janye wannan sharaɗi. Wani yaron damuwa ce ke jawo masa, wani zazzaɓi, wani faɗuwa, wani ba a gano dalili ko kaɗan.

Ordinansin da aka ba mu babu ƙwaya a ciki. An rubuta kine kawai, wato gyaran motsin jiki. Muka dawo gida muka samu wata madam mai wannan aiki. Ni na zaci za ta yi ta murza ƙafar da mai, sai na ga ko taɓa ta ba ta cika yi ba. Ta tsayar da ƙanwata jikin bango, ta ce ta riƙa karkata nauyinta dama da hagu tana lissafo sunayen ƴan ajinsu. Ta jefa mata ƙwallo ta cafe. Ta sa ta ƙidaya daga 100 zuwa ƙasa, bakwai-bakwai, tana zame ƙafa a kan siminti. Abin mamaki, tafiya da baya ta fi zo mata da sauƙi, har ta yi taku shida a sati na biyu. Madam ta ce tafiya aba ce da jiki ke yi shi kaɗai. Wanda ya tsaya yana kallon ƙafarsa yana ba ta umarni, shi ke tuntuɓe. Aikinta duka shi ne ta ɗauke hankalin yarinya daga ƙafar, jiki ya tuna abinsa.

Da ta ji ƙanwata gwanar gaɗa ce, ta ce a kira ƙawayenta da marece. Suna tafi suna waƙa, ita tana tsakiya, ƙafar da ta ƙi bin umarni ta soma bin tafi. Sai daka: ta tsaya gaban turmi da ƙaramar taɓarya, nauyi a kan ƙafa biyu, hankali a kan hatsi.

Wahalar ta fi yawa a wajen Inna. Madam ta hana a goya ta, ta ce a mayar da keken guragu da aka aro, sandar ma a aje ta sannu a hankali. Inna ta ce, "Haba madam, ina kallonta tana rarrafe?" Ta amsa, "Hajiya, tausayin nan shi zai zaunar da ita. Ki tsaya kusa da ita, amma kar ki ɗauke ta." Ta kuma hana gaggawa. Ranar da jiki ya yi daɗi ƙanwata takan so ta zaga unguwa duka, gobe ta kwanta kwana biyu. Aka yanka mata minti goma safe, goma marece, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Lakwal ma ba a jira ta warke sarai ba, ta koma rabin yini tun tana ɗingishi.

Bayan wata uku tana zuwa kwaleji da ƙafarta. Lokacin jarrabawa ƙafar takan yi mata nauyi, sai ta tsaya, ta yi numfashi, ta karkata dama da hagu, ta ci gaba. Likitoci na cewa yara sun fi manya saurin samun sauƙi, musamman in an gano ciwon da wuri.

Ƴan uwana ɗalibai, ba kowace ƙafa da ta mutu ce TNF ba. Akwai shan inna na gaske, akwai emasi, akwai tarin fuka na ƙashin baya, likita ne kaɗai zai bambanta su. Amma gobe waninmu zai zama mushe a gaban aji, wata ta zama ma'aikaciyar jinya a karkara. In aka kawo muku yaro da takardu masu tsabta da ƙafar da ba ta tafiya, kar ku ce masa ya daina wasa da hankalin mutane. Ku tambaya ko likitan jijiya ya gan shi, ku tambaya ina ake samun kine mafi kusa, ku kuma bar masa benci na gaba kusa da ƙofa har ya samu ƙafarsa.