Matar da ke Bangon Faifan Black Sabbath

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970 kamfanin Vertigo ya fitar da faifan farko na wasu samari huɗu 'yan unguwar Aston da ke Birmingham a Ingila. Turawa na camfa Juma'ar da ta faɗo ranar 13 ga wata, abin kuwa ya yi daidai da sunan faifan da na ƙungiyar, Black Sabbath, wanda suka aro daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 da Boris Karloff ya fito a ciki. Daga wannan faifai masana da dama ke fara ƙirga tarihin heavy metal, kiɗan nan mai nauyi da rurin jita.

A wancan zamani duk wanda ya sayi faifai, iliminsa a kansa bai wuce abu uku ba: rubutun da ke jikin bango, jaridun kiɗa na mako-mako irin su Melody Maker, sai kuma "an ce". Bangon ma da ake dogaro da shi ba ya tsira daga kuskure, domin a bugun farko an rubuta sunan mawaƙin Ossie Osborne maimakon Ozzy Osbourne. Wanda ya saya a Amurka, inda Warner ya fitar da shi a watan Yuni, waƙar "Wicked World" ya tarar a gurbin "Evil Woman" da ke bugun Ingila. Mutum biyu na iya kwana suna musu kan waƙoƙin da ke ciki, kowanne kuma yana da gaskiya.

Amma babu abin da ya ci bakin mutane kamar hoton bangon: mace cikin baƙin mayafi tsaye gaban wani tsohon gini, fuskarta kamar ta gawa. Wasu suka ce mayya ce ta gaske. Wasu suka ce Ozzy ne ya sa kayan mata. Wasu suka rantse babu kowa a wurin lokacin ɗaukar hoton, sai da aka wanke fim ta bayyana. Ginin dai injin niƙa ne mai aiki da ruwa a Mapledurham, bakin kogin Thames, yana nan har gobe. Mai hoton Keith Macmillan ne, wanda ke sa hannu da sunan Keef, kuma wani fim na musamman da ke juya launuka ya yi amfani da shi. Matar kuwa yarinya ce mai sana'ar tsayawa a ɗauki hoto, an ɗauke ta aikin yini guda. Sai a 2020 mujallar Rolling Stone ta zanta da ita, shekara 50 cif ana jingina mata maita.

Juyayyen gicciyen da ke cikin bangon shi ma kamfani ne ya sa, ba makaɗan ba. Geezer Butler, mai rubuta musu baitoci, a gidan 'yan Katolika ya tashi, waƙar da ta buɗe faifan kuma tsoratarwa take yi daga Shaiɗan. Waƙar "N.I.B." da aka daɗe ana fassara haruffanta da sunan tsafi, Butler ya ce gemun makaɗin gangarsu Bill Ward suke tsokana, mai tsini kamar bakin alƙalami.

Akwai labarin da ya zama rabi gaskiya, shi ne ya fi wuyar gyara. Tabbas makaɗin jitarsu Tony Iommi ya rasa kan yatsu biyu na hannun dama a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, da wannan hannun kuma yake danna tsirkiya tunda bahago ne. Sai dai sassauta tsirkiyar sosai da ake dangantawa da haɗarin bai bayyana ba sai a faifansu na uku, Master of Reality, a 1971. Nauyin faifan farko daga wani wuri ya fito: sun naɗe shi cikin yini ɗaya a Regent Sound da ke Landan a ƙarshen 1969, suna bugawa tare kamar yadda suka saba a mashaya, Rodger Bain na jagorantar aikin.

Masu sharhi sun yi wa faifan kaca-kaca, Lester Bangs na cikinsu, duk da haka ya kai matsayi na 8 a Birtaniya da na 23 a Amurka. A ganina maitar da aka laƙaba masa ta taimaki ciniki, ta kuma rage wa masu aikin haƙƙinsu, domin 'ya'yan talakawa huɗu ne suka yi shi da gumin hannunsu. Su huɗun sun sake haɗuwa a filin Villa Park na unguwarsu ranar 5 ga Yuli 2025, Ozzy ya mutu ranar 22 ga watan.