Yaran da ruwa ya haɗa

Daminar 2022 ba za ta fita daga ran mutanen Jigawa da wuri ba. A faɗin Najeriya ambaliyar wannan shekara ta kashe fiye da mutum 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma garuruwan bakin kogin Haɗejiya, irin su Ringim da Auyo da Kafin Hausa, sun ji jiki. Makarantar firamaren da nake koyarwa a kan tudu take, shi ya sa aka mai da azuzuwanmu masauki. Aka jingine bencina a bango, aka shimfiɗa tabarmi.

Manya sun zo da tsohuwar gabarsu. Manoma suka kama ɓangare guda, Fulani makiyaya suka kama nasu, masunta suka raɓe a baranda. Mutanen da suka shekara suna shari'a kan ɓarnar shanu a gona ba sa zama kan tabarma ɗaya don kawai ruwa ya ci gidajensu. Yara kuwa ba su san wannan lissafi ba. Kafin a kammala rabon abinci na farko sun ɗaure tsumma da leda sun yi ƙwallo, 'yan mata sun zana 'yar gala-gala a ƙasa.

Akwai wani yaro ɗan Fulani da ya rasa maraƙin da yake kiwo. Ba ya magana, ba ya cin abinci sai an matsa masa. Duk lallashin da muka yi bai shiga ba. Wani ɗan masunta ne, tsaransa, ya ja shi bayan aji, ya kife gorar babansa yana nuna masa yadda ake kwanciya a kanta a ratsa ruwa. Ɗan Fulanin kuma ya koya masa yadda ake kiran saniya ta amsa. Daga ranar tare suke cin tuwo a kwano ɗaya. Abin da na fahimta shi ne yaron da ya yi rashi ya fi buƙatar wanda zai nemi wani abu a wurinsa fiye da wanda zai tausaya masa.

Wata yarinya 'yar aji biyar ta tare ni da tambaya: "Malam, laifin me muka yi ruwa ya biyo mu?" Na tara su ƙarƙashin darbejiya na gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da kwal da sare itatuwa, iska mai zafi kuma tana ɗaukar danshi mai yawa, sai ruwan da ya kamata ya sauka a hankali ya zubo lokaci guda. Na ƙara musu da namu na gida: ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, da ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin kogi, da gine-gine a kan magudana. Wasu iyaye sun ga kamar na tsorata yara. Ni akasin haka na gani. Tsoron abin da ba shi da suna ya fi nauyi, kuma tun daga ranar yarinyar ta daina cewa laifinsu ne.

Da aka fara gyaran jinga, yaran suka nace sai an sa su. Ba mu bar su kusa da ruwa ba, amma su suka riƙe bakin buhuna ana ɗura ƙasa. Bayan ruwa ya janye muka dasa darbejiya a harabar makaranta, kowace bishiya yara biyu ke kula da ita, da gangan muka haɗa ɗan manomi da ɗan makiyayi. Wasu bishiyoyin awaki sun cinye, wasu sun kama. Har yau ranar kasuwa ɗan Fulanin nan yakan biyo ta makaranta da nono a ƙwarya, ya tambayi abokinsa.

Ruwan bai gama da mu ba. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse, yara dubbai suka sake kwana a azuzuwa. Don haka nake roƙon malamai 'yan'uwana da masu kula da sansanoni: idan ana lissafin shinkafa da gidan sauro, a ware wa yara fili da lokacin wasa, kada a raba su bisa ƙabila ko sana'ar iyaye, a amsa tambayoyinsu da gaskiya, a kuma ba su aikin da hannunsu zai iya.