Abin da karen mota ya sani, ni ban sani ba

A Akokan na tashi, kusa da Arlit, zamanin da kamfanonin uraniyom, Somaïr da Cominak, ke da asibitocinsu na ma'aikata da iyalansu. In zazzaɓi ya kama yaro sai a kai shi, a ba shi ƙwaya, ya haɗiye. Har na gama lise, na ci bak, ban taɓa tambayar sunan maganin da na sha ba. Jiki nawa ne, amma saninsa na bar wa likita.

A shekarar 2023 aikin jarida ya kai ni Assamaka, kan iyakarmu da Aljeriya, tafiyar kilomita wajen 200 daga Arlit cikin rairayi. Lokacin ne dubban baƙin haure da aka koro suka cika garin. Ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su tako kilomita 15 a ƙasa, ƙafafu a kumbure, leɓe a tsattsage. A ƙaramin gidan likitan garin na ga wani ma'aikacin jinya wanda, in dare ya yi aiki ya lafa, yake buɗe littafin jagorar magani na ƙungiyar MSF a cikin wayarsa, yana bin abin da ya gani da rana shafi bayan shafi. Babu mushen da ya sa shi, babu jarrabawa a gabansa. Ya gaya mini cewa abin da aka koya masa a makaranta bai kai rabin abin da ke shigo masa ta ƙofa ba.

A hanyar komowa zawo ya kama ni. Kafin la'asar harshena ya bushe, ina ganin duhu-duhu. Karen motarmu, yaron da bai taɓa shiga lakwal ba, ya auna ruwa mai tsabta lita 1, ya zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali, ya girgiza.

"Yallaɓai, kurɓa kaɗan-kaɗan, kada ka kwankwaɗa," in ji shi.

Wurin ma'aikacin jinyar nan ya koya. Shi ya je da ƙafarsa ya tambaya, don ya taɓa ganin fasinja ya mutu a kan wannan hanya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran kowa ya zama likitan kansa. Mai sayen ƙwaya a tebur cikin kasuwa bai koyi kome ba, caca yake yi da ransa. Kuma ƙoƙarin ma'aikaci guda bai sauke wa gwamnati nauyin tura likitoci da magani arewa ba. Amma ku fatake da ke bin hanyar Tamanrasset, da ku ma'aikatan da ake turowa aiki nan, wa zai karanta muku takardar maganinku a tsakiyar hamada?

Cominak ta rufe a 2021, babana ya yi ritaya da hawan jini. Da na isa Arlit na ɗauko ledar magungunansa, na zauna na karanta takardun ciki ɗaya bayan ɗaya. Kwali biyu suna dabam, amma magani guda ne, kuma duka biyun yake sha kowace safiya. Washegari na kai shi wurin likita da ledar a hannuna.