Rediyon Kulob Ɗinmu: Maganin Ƙugi da Zamewar Tasha

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana. A lokacin, rediyo ne ya rage wa mutanen Wagini su ji abin da duniya take ciki. Shi ya sa mu 'yan kulob ɗin kimiyya muka haɗa namu da hannunmu, mai kama gajeren zango. Ya yi magana, amma da matsala biyu: ƙugi yana danne muryar mai labarai, kuma tasha tana zamewa ana cikin sauraro.

Mun fara da ƙugin. Wutar lantarkin ƙasarmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma idan caja ba ta tace ta sosai ba, wannan kai-komon ne ke fitowa a lasifika. Gwajin ba wuya: muka cire caja, muka sa batir, sai ƙugin ya ɗauke. Maganinsa babban kafasito a inda wuta take shiga, da nisanta eriya daga wayoyin wuta.

Zamewar tasha kuwa, zafi ne sanadinta. Naɗin wayar da ke zaɓo tasha yana buɗewa kaɗan a zafin rana, ya tsuke a sanyin asuba. A mita 49, wajen kilohaz 6,000, sauyin kashi ɗaya cikin dubu ya kai kilohaz 6, alhali tazarar tasha da tasha kilohaz 5 ce. Ka ga ɗan motsin da ido ba ya gani ya isa ya kai ka wata tashar. Sai muka ɗaure naɗin da kakin zuma, muka sa rediyon cikin akwati a inuwa. Mukan kuma kunna shi minti 10 kafin labarai, ya ɗumama. Batir ma idan ya yi sanyi yana jawo zamewa.

'Yan'uwa ɗalibai, idan naku ya yi gardama, ku canza abu ɗaya kawai, ku saurara, ku rubuta, sannan ku taɓa na gaba. Kada kowa ya taɓa wutar gida sai da malami. Mai son gwadawa ya same mu ranar kulob, ya zo da tsohon rediyon da aka jingine a gida.