Kifin Da Ba Ya Son Maƙwabci

Yau mun ɗan jingine labari, zan yi magana kan kifin da nake kiwo cikin akwatin gilashi a gidana nan Gumel, domin wata ƙanwata ta Sule Tankarkar ta matsa sai na samo mata irinsa, ni kuwa na ce ta dakata tukuna.

Karfasa ce, irin wadda masunta ke kamawa a kogin Haɗeja. Danginta ɗaya da kifin ado da ake kira Oscar, ɗan asalin kogin Amazon na Kudancin Amurka, wanda kan kai tsawon santimita 30. Duk halinsu guda, da sun girma sai faɗa. Namijin karfasa yakan haƙa ɗan rami a yashi ya ce nan ne gidansa, duk wanda ya raɓo sai ya bi shi da cizo. A kogi wanda aka kora yana da wurin gudu, amma a gilashi ina za shi? Haka zai maƙale a lungu, ya daina cin abinci, har ya mutu. Macen kuwa a baki take riƙe ƙwanta sama da mako guda ba ta cin komai, don kar a taɓa mata 'ya'ya.

Ni dai ban ɗauki wannan mugunta ba, matsi ne. Da na jera duwatsu da fasassun tukwane a tsakani suka daina ganin juna, rikicin ya lafa.

To amma fili ruwa yake ci. Babban kifi guda yana son lita 250, wato jarka 10 mai cin lita 25, kuma duk mako sai an canza kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya san yadda ruwa ke wuya daga Gagarawa har Maigatari in bazara ta kama ya san me nake nufi. Ga shi ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take, in wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya sai ki ga kifi a sama yana haki.

Don haka ƙanwata, ki fara lissafa jarkokinki. Rai ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.