TAJAYE: FAKO YA ZAMA GONA, SAURA TAKARDA

A wannan wata mun kai ziyara Tajaye, cikin ƙasar Illela, jihar Tawa. Mun tashi daga Birnin Ƙonni da sassafe, an gama girbi, sanyin hunturu ya fara shigowa. Muka bi kwalta har Tsarnawa. Nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe gabas zuwa Malbaza, inda gidan siminti yake. Ɗaya ta yi arewa zuwa Badagishiri da Tawa. Ta arewa muka bi.

Wanda bai san Adar ba, in ya shigo, sai ya ce ƙasar duwatsu ce kawai. Ga tudu, ga tsakuwa, ga jar ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki. Ita ce ake kira fako. In ruwa ya sauka a kanta ba ya shiga, gudu yake yi, ya kwashe ƴar ƙasar da ta rage ya zuba cikin kwari. Amma da muka matsa gaba sai muka fara ganin wani abu. Tsakiyar fako ga karan hatsi a tsaye, layi-layi, kowane gindi cikin ɗan raminsa. Ga jerin duwatsu sun ratsa gona. Ga ƙananan itatuwa sun taso, an share masu gindi. Wannan ne ya kawo mu.

Tajaye wuri ne na manoma da makiyaya. Akwai Hausawa, akwai Abzinawa Kel Geres da sarautarsu, Fulani kuma suna ratsawa da shanunsu. Ƙasa ɗaya ce suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Saboda haka duk abin da ya taɓa fili ko itace a nan, ya taɓa kowa.

TARIHIN RAMI

Wani dattijo ne ya sauke mu. Bayan gaisuwa da shan fura, ya ce mu je gona. Muna tafe yana ba mu labari.

Kowa a Adar ya san yunwar 1973 da ta 1984, wadda ake kira El-Buhari. Dabbobi sun mutu, itatuwa sun bushe, samari sun yi kudu neman abinci. Bayan haka gwamnati ta buɗe manyan ayyuka na gyaran ƙasa. Na Keita ya fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. A 1988 aka buɗe na Illela da kuɗin asusun duniya na taimakon manoma, wanda ake kira FIDA.

A 1989 wannan furoje ya ɗauki wasu manoman Illela ya kai su Yatenga, a ƙasar Burkina Faso. Can suka ga mutane suna gina ramu cikin fako suna zuba taki, suna samun hatsi. Mutanen Adar sun san rami tun kaka da kakanni, tassa suke ce masa. Amma na Yatenga ya fi faɗi, ya fi zurfi. Da suka komo gida sai suka gwada a ƴan ekoki kaɗan. Shekarar 1990 ruwa ya yi ƙaranci. Gonaki da yawa ba su yi kome ba, amma inda aka yi tassa an yanki hatsi. Gani ya kori ji. Daga nan ba sai an roƙi kowa ba.

Ga yadda ake yi. Da rani ake gina ramin, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da rabi, zurfinsa kamar taƙi ɗaya. A tara ƙasar da aka fitar ta wajen gangare, don ta tare ruwa. A zuba taki cike da hannu biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. In damina ta sauka sai a shuka cikin ramin. Eka ɗaya, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, tana cin rami wajen 10.000. Aiki ne na ƙarfi. Akwai kuma rabin wata, wanda ya fi tassa girma, da jerin duwatsu da mutanen nan suke kira gandari.

Malaman gona sun auna amfanin daga 1991 zuwa 1996. Gonar da ba a gyara ba tana ba da kilo 125 a eka. Wadda aka yi wa tassa da taki tana ba da kilo 500 da ƴan kai. Ribi huɗu ke nan. A ƙauyen Batodi, nan cikin ƙasar Illela, ruwan rijiya ya hau da wajen mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka kafa garake.

ITACEN WA?

Muka tsaya gindin wani gawo. Dattijon ya dafa shi, ya ce wannan shi ya raine shi, amma da can ba zai yarda ya bar shi ya girma ba. Muka tambayi dalili.

Ya ce a shekarar El-Buhari awakinsa suna mutuwa da yunwa. Ya hau wani gawo da ke cikin gonar mahaifinsa, ya sassaro masu reshe. Wani ma'aikaci ya iske shi, ya tambaye shi takardar izini. Ba shi da ita. Kafin ya samo ta sai ya yi tafiyar yini guda a ƙasa, ga yunwa. Aka ci shi tara. Akuyar da yake son ya ceta, ita ya sayar ya biya.

Ma'aikacin nan doka ya bi. Tun zamanin Nasara, a 1935, aka kafa dokar daji a ƙasashen da Faransa take mulki. Bayan mun samu mulkin kai aka yi wata a watan Maris na 1974. Ta jera itatuwan da aka hana sarewa sai da izini. Cikinsu akwai gawo da kuka da tsamiya da aduwa da giginya da goriba. Nufin dokar mai kyau ne, a tsare daji. Amma ga abin da ta haifar: manomi ya ɗauka itace na gwamnati ne, ko da cikin gonarsa ya tsira. To, wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sai kowa ya riƙa sare tsiro tun yana ƙarami, lokacin sassabe, ya tara ya sa wuta. Gona ta zama fili fetal, iska ta samu hanya.

Sannu a hankali aka gane kuskuren. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A wannan lokaci ne kuma aka fara sassaben zamani a ƙasar Maraɗi. Ba dashe ba ne. Kututturen da ke cikin gona ake bari ya toho, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran. Da mutane suka ga ba a matsa masu kamar da, sai aikin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta eka miliyan 5 da itace miliyan 200 a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Doka ma ta biyo baya. An sake dokar daji a watan Yuni na 2004. Sa'an nan ran 30 ga watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani. Ta yarda cewa wanda ya raini itace cikin gonarsa, shi ke da hakkin cin amfaninsa. Muka tambayi mutanen da suka taru wurinmu ko sun san da wannan doka. Kaɗan ne suka ɗaga hannu. Doka tana Yamai cikin faransanci, gawo yana Tajaye.

GONAR WA?

Da yamma wani magidanci ya same mu masauki, ransa a ɓace. Ya ce shekara uku da suka wuce ya sayi fako wurin wani mutum. Wurin ko ciyawa ba ta fitowa. Kuɗin da ya samo ci-rani ya zuba a ciki. Shi da ƴaƴansa suka gina tassa, suka yi jigilar taki da amalanke, suka jera duwatsu. Bana ya cika rumbu. Sai ga ƴan'uwan mai sayarwa sun zo, sun ce filin gado ne, ba a raba ba, ba da saninsu aka sayar ba. Shaidu biyu ne suka ga cinikin. Ɗaya ya rasu, ɗaya yana Libiya. Takarda babu. Yanzu magana tana gaban sarki.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Illela. Tun da tassa ta yi suna, fako ya yi kuɗi. Filin da a da ko kyauta ba a so, yanzu saye ake yi. Inda dukiya ta fito, nan rigima take fitowa.

Maganin wannan ma doka ta tanada. A watan Maris na 1993 aka kafa dokar karkara. Ita ta kawo hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo. Akwai ta departama, akwai ta kwamin, akwai ta ƙauye wadda maigari yake shugabanta. Cikinta akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da samari. Ta ƙauye tana iya rubuta takardar saye, ko ta kyauta, ko ta aro, ko ta haya, ko ta jingina, ko ta shaidar gonar gado. Da magidancin nan ya bi ta wurinta ranar ciniki, da an kira dangin mai fili an tambaye su tun kuɗi bai fita daga aljihu ba.

Muka ce masa me ya hana shi. Ya ce ya je, an ce mai rubutun ya tafi ci-rani, takardun cikawa kuma sun ƙare. Shi kuwa damina tana matsowa, bai iya jira ba.

RABON MAKIYAYI

Kada wani ya ce, to a soke izini mana kowa ya huta. Wani makiyayi da muka iske bakin rijiya ya nuna mana ɗaya gefen. Ya ce abin da manomi yake kira fakon banza, nan ne dabbobi suke tsayawa da damina, lokacin da gonaki suka rufe ko'ina. In kowa ya ɗauki diga ya gina tassa inda ya ga dama, burtali zai toshe, hanyar mashaya za ta ɓace. Ranar da saniya ta rasa hanya, cikin hatsi za ta bi. Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Gaskiyarsa. Dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 ta tsare burtali da makiyaya da mashaya, ta hana kowa ya mai da su nasa. Aikin kofo ne ta je ta duba fili kafin a sa hannu, ta tabbata ba hanyar dabbobi ba ce. Haka kuma babban aiki, irin madatsar ruwa a kwarin Majiya, dokar 2018 ta ce sai an yi bincike tukuna, a san wanda ruwan zai amfana da wanda zai cuta. Tambaya kafin aiki tana da amfani. Abin da ke kashe gwiwa shi ne nisa da jira da tsada.

ABIN DA YA RAGE

Gwamnati da masu taimakonta sun kashe kuɗi mai yawa kan duwatsu da diga da dashe. Kowace shekara ran 3 ga watan Agusta ana bukin dashen itace a ƙasa duka, tun 1975. Amma takarda ita ma tana cin kuɗi. Kofo ta ƙauye tana bukatar littafin rajista da takardun cikawa da hatimi da akwatin ajiya. Mai rubutu yana bukatar horo da ɗan abin hasafi, don kada yunwa ta kore shi. Malamin daji yana bukatar man babur, ya zo ƙauye ranar da aka sani, maimakon mutum hamsin su bi shi gari. Dokar 2020 tana bukatar a juya ta cikin Hausa da Tamajak da Fulatanci, a karanta a rediyo da ajin yaƙi da jahilci. Kofo da yawa furoje ne ya kafa su. In furoje ya tashi, sai su kwanta. Ya kamata kuɗin tafiyar da su ya shiga cikin kasafin kwamin da na ƙasa, kowace shekara. In an gwada da kuɗin madatsa ɗaya, wannan ba kome ba ne.

Mu ma akwai namu. Ɗan'uwa manomi, kafin ka sa diga a fako, je wurin maigari a kira kofo. In saye ne, a kira dangin mai fili, a rubuta, ka riƙe taka takardar. In aro ne, a rubuta shekara nawa, a kuma faɗi wanda zai ci itacen da ka raina. In kana son ka kayar da babban gawo, tambayi malamin daji tukuna. Ɗan'uwa makiyayi, in an kira taron kofo kada ka ce na manoma ne, kujerarka tana ciki. In kana son ganye, nemi yardar mai gona, ka sassabe reshe, kada ka kashe uwar. Ku kuma da kuka iya karatu, ku karanta wa maƙwabta wannan labari a dandali.

Da safe muka yi sallama. Dattijon ya raka mu har bakin hanya, ya ba mu ƴaƴan gawo cike da buhu, ya ce mu kai wa tumakinmu. A gonar da ke gefe mun bar wani yaro da ubansa suna auna layin tassa da igiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Amin.